Yadda Ake Tafiyar Dare a Jirgin Ƙasa Mai Gado a Indiya, Musamman Ga Mai Rakiyar Mara Lafiya

Basakkwacen da ya girma bai san jirgin ƙasa ba, ba laifinsa ba ne. Layin dogon da aka ja daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, har yau bai ƙaraso mu ba. Wanda ma ya taɓa hawa na Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, zama ya yi a kujera na 'yan sa'o'i ya sauka. Ga shi kuma yanzu mutanenmu na ta zuwa Indiya, wasu jinya, wasu karatu. A can sai ka ga jirgin sama ya sauke ka a wani birni, asibitin da aka tura ka yana wani, ko likitan Delhi ya ce a je a ga wani ƙwararre a Mumbai. Tsakanin biranen nan biyu kusan kilomita 1,400 ne. Jirgin da ake kira Rajdhani yana barin New Delhi wajen ƙarfe biyar na yamma, ya shiga Mumbai Central wajen takwas da rabi na safe. Ka kwana a miƙe, kuɗin masaukin dare ɗaya ya huta, tsohon da kake rakiya kuma bai sha jijjigar mota ba.

Sai dai daɗin tafiyar nan ko wahalarta tun wurin sayen tikiti ake yanke shi. Shi ya sa zan fi daɗewa a nan.

Zaɓen tarago da gado

Taragon kwana iri huɗu ne za ka fi cin karo da su, kowanne da alamar da ake rubuta masa. Mafi araha shi ne SL: babu na'urar sanyi sai fanka da taga, ba a ba da kayan shimfiɗa, kuma da rana yakan cika da mutanen da ba su da gado a ciki. Ɗalibi mai ƙarfi a jika zai iya, amma kada ka kai mara lafiya can. Sai 3A, mai na'urar sanyi, inda gadaje uku ke jere ɗaya bisa ɗaya, wato na ƙasa da na tsakiya da na sama, suna fuskantar wasu ukun, ga kuma wasu biyu a gefen hanya. Mutum takwas ke nan a lungu ɗaya, babu labule. Sai 2A, mai gado biyu-biyu, mutum huɗu a ciki, biyu a gefe, kowane lungu da labulensa. Na ƙarshe 1A, ɗaki ne mai ƙofa da ake kullewa, na mutum huɗu ko na mutum biyu, kuɗinsa kuma yakan yi kusa da na jirgin sama.

Ni dai shawarata ga mai tafiya da iyali ko da mahaifiyarsa, ya daure ya sayi 2A. Ba a ware maza da mata a taragon nan, duk wanda kwamfuta ta ba gado shi ne maƙwabcinka har safiya. Mace da ta taso a gidajenmu na Sakkwato, ta ga baƙon namiji kwance taku ɗaya da ita babu ko labule, ba za ta runtsa ba, kuma ba za ta faɗa maka ba sai kun sauka. Bambancin kuɗin 3A da 2A bai kai darajar barcinta da suturarta ba.

Bayan tarago sai gado. A tikiti za ka ga LB, na ƙasa ke nan, MB na tsakiya, UB na sama, SU na gefe na sama, na gefe na ƙasa kuma SL, kada ka rikita shi da sunan taragon da na ambata. Tsoho, mai ciwon gwiwa, wanda aka yi wa aiki, mai juna biyu, mai yawan tashi fitsari da dare, duk waɗannan na ƙasa suke buƙata, domin na sama da 'yar matakalar ƙarfe ake hawa alhali jirgi na gudu. Tsarin sayar da tikitin yana fifita maza masu shekara 60 zuwa sama da mata masu shekara 45 zuwa sama wajen rabon gadon ƙasa, saboda haka ka rubuta shekarun Baba ko Inna daidai yadda suke a fasfo. Akwai kuma wurin da za ka zaɓi cewa kada a yanka maka tikitin sai in an samu gadon ƙasa. Ka neme shi ka danna. Kai mai rakiya ka ɗauki na saman nasa, ko na gefe da ke kallonsa. Dogon mutum ya sani na gefe ya ɗan fi gajarta.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta ne in zai kwana da uwarsa. Daga 5 zuwa 11, in kana son a ba shi gadonsa, cikakken kuɗi za ka biya.

Sayen tikitin

Kamfanin IRCTC ne ke sayar da tikiti ta intanet, yana da shafi yana da manhajar waya. Tun Nuwamba 2024 ana fara sayarwa kwana 60 kafin ranar tafiya, kuma jiragen dare na manyan birane sukan ƙare da wuri, balle lokacin bukukuwansu irin su Diwali da Holi. Ana iya yin rajista da lambar wayar waje bayan biyan ɗan kuɗi kaɗan, amma inda mutanenmu suka fi maƙalewa shi ne wajen biya, katin banki ya ƙi wucewa. Idan haka ta faru kada ka ɓata kwanakinka. Manyan asibitoci suna da ofishin kula da baƙi 'yan ƙasashen waje, ka nemi su haɗa ka da wakilin da ke da izinin sayar da tikiti. Ɗalibi kuma ya nemi ɗan'uwa da ya riga shi zuwa, mai asusun banki a can. Ko ka ɗauki fasfo ka je tasha da kanka, ka cika 'yar takarda a kantar sayarwa. A wasu jiragen akwai gadaje kaɗan da aka ware wa baƙi masu yawon buɗe ido, ka nuna bizarka a kanta ka tambaya ko ta shiga ciki.

Za ka ji ana zancen Tatkal, tikitin gaggawa da ake buɗewa ana gobe tafiya, ƙarfe 10 na safe ga taragon sanyi, ƙarfe 11 ga SL. Kada ka ɗora tafiyar mara lafiya a kansa. Cikin mintoci yake ƙarewa, kuma tun Yulin 2025 sai mai Aadhaar, katin shaidar mazauna Indiya, ke iya sayensa ta intanet.

Idan an miƙo maka tikiti, ko an turo maka hotonsa, kafin ka yi godiya ka nemi haruffan da ke nuna matsayinsa. CNF na nufin gadonka ya tabbata. RAC na nufin za ka shiga jirgi, amma ku biyu za ku raba gadon gefe a zaune, sai in wani ya fasa tafiya a ba ka nasa. WL kuwa layin jira ne, ba ka da komai tukuna. Sa'o'i kaɗan kafin tashi ake fitar da jerin fasinjoji na ƙarshe, tikitin intanet da har lokacin yake WL ya mutu ke nan, a maida kuɗi, wanda ya shiga da shi kuma tara za a ci shi kamar mara tikiti. Na ga mutane na murna sun samu tikiti, ashe WL ne mai lamba arba'in da wani abu. Wakili zai ce maka kada ka damu, zai tabbata. Wataƙila ya tabbata ɗin, amma wanda ke da ranar ganin likita ba ya tafiya da wataƙila. Ka ce CNF kake so, ko a canza rana, ko a canza jirgi.

A saman tikitin akwai lamba mai alƙaluma 10 da ake kira PNR, da ita ake duba matsayinsa a kowane lokaci. Lambar jirgin kuma alƙaluma 5 ce. Ka rubuta su biyun a takarda ka sa a aljihu, waya na iya mutuwa.

Abu biyu ke sa mutum rasa jirgi yana ji yana gani. Na farko tasha: Delhi kaɗai tana da New Delhi, da tsohuwar tashar Delhi, da Hazrat Nizamuddin, da Anand Vihar, da Sarai Rohilla, kuma ba kusa da juna suke ba. Haka Mumbai take da tashoshi da dama. Ka karanta sunan tashar da ke jikin tikitin, shi za ka nuna wa direba. Na biyu lokaci: agogon sa'a 24 suke amfani da shi. Jirgin da aka rubuta 00:30 ranar 15 ga wata, daren 14 za ka je tasha.

Abin da za ka riƙe a hannu

Manyan akwatuna ƙarƙashin gadon ƙasa suke shiga, saboda haka akwati mai tsananin kauri matsala ce. Nauyin da aka yarda kyauta kilo 40 ne a 3A, 50 a 2A, 70 a 1A. Ka sayi 'yar sarƙa da kwaɗo, ana sayarwa a bakin tasha, akwai zobban ƙarfe a ƙarƙashin gado da aka yi don ɗaure kaya.

Sai ƙaramar jaka wadda ba za ta rabu da jikinka ba: fasfo, kuɗi, takardun asibiti, da maganin mara lafiya na aƙalla kwana biyu, don jirgi na iya makara. A watannin Disamba da Janairu hazo kan rufe arewacin Indiya, jirage su yi ta jinkiri na sa'o'i masu yawa. Ka haɗa da rigar sanyi, hula da safa, domin sanyin na'urar nan a tsakar dare kamar na hunturun bakin Rima yake, bargon da suke bayarwa kuma ba ya isar tsoho. Ka ɗauki silifas na shiga banɗaki, sabulu, 'yar ƙaramar buta, da sallaya mara nauyi. Cajar da ka zo da ita daga gida mai ƙafa uku masu faɗi ba ta shiga soket ɗinsu, nasu zagayayye ne, ka sayi kan da zai haɗa su tun a gari. A wasu jiragen ma ana kashe wutar caji cikin dare, ka cika wayarka kafin a kwanta.

A tasha

Ka isa da aƙalla sa'a ɗaya, in da mara lafiya ne ka ƙara. Allon lantarki zai nuna lambar jirgi da lambar dandamalin da zai tsaya. An ce matambayi ba ya ɓata, amma a bakin tashar New Delhi sai ka zaɓi wanda za ka tambaya. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce an soke jirginka, ko ofis ya tashi, ko sai an buga wa tikitinka hatimi a wani wuri, ƙarya yake yi, so yake ya kai ka shagon da za a sayar maka da wata tafiyar da tsada. Ka wuce ciki ka tambayi ma'aikaci a kanta, ko ɗan sandan jirgin ƙasa mai kaki.

'Yan dako jar riga suke sawa da tambarin tagulla a hannu. Ku yi ciniki kafin ya ɗaga kaya, ka nuna masa tikitin, ya fi ka sanin inda taragonka zai tsaya. Manyan tashoshi suna da keken guragu, ka nema a ofishin shugaban tasha, kada ka bar tsoho ya hau matakalar gadar nan da ƙafa.

Jirgin dogo ne ƙwarai, yakan haura tarago ashirin. Taragon 3A da harafin B yake farawa, B1, B2 har gaba, na 2A da A, na 1A da H, na SL da S. Ana rubuta wannan a jikin taragon kusa da ƙofa, kuma a tashoshi da yawa ƙananan alluna a saman dandamali na nuna inda kowanne zai tsaya. Ka je can ka jira. A tashar da jirgi ya faro akwai lokaci, amma a ta tsakiyar hanya tsayuwar minti biyu ce wani lokacin. Idan ya zo ba ka ga taragonka ba, ku shiga na sanyi mafi kusa, daga ciki sai ku ratsa.

Daga shiga zuwa kwanciya

Ka nemo lambar gadonka, ka tura kaya ƙasa ka ɗaure. Za ka tarar da zanin gado biyu wankakku cikin jakar takarda, da matashi da bargo. Mai duba tikiti zai zo sanye da baƙar kwat, ka nuna masa tikitin ko da a waya ne, tare da fasfo na ainihi. In an raba ku gado, ko Baba ya faɗo a na sama, a lokacin nan za ka yi masa bayani cikin ladabi. Fasinjoji ma sukan yarda a yi musanya in sun ga dattijo, sai dai roƙo ne, ba haƙƙi ba.

Akwai ƙa'idar da rashin saninta ke jawo cacar baki. Lokacin kwanciya a hukumance daga 10 na dare ne zuwa 6 na safe. Kafin nan gadon ƙasa kujera ce ta kowa a lungun, na tsakiya kuma a naɗe yake ya zama majingina. Idan mara lafiyarka ba zai iya zama har goma ba, ka sanar da maƙwabta tun farko, yawancinsu za su matsa masa. A 2A wannan bai cika zama damuwa ba, tunda babu gadon tsakiya.

Batun abinci, a jiragen Rajdhani ana tambayarka tun wurin sayen tikiti ko kana son abinci, da kuma wane iri. Ka zaɓi na ganye, wanda suke cewa bej, ka huta da tunanin yanka. Shinkafa ce da miyar wake irin tasu da gurasa da nono, akwai yaji, wanda likita ya hana yaji ko gishiri ya taho da nasa daga masauki. Shayin da ake zagayawa da shi ana kiran "cai, cai" an riga an zuba masa sukari da yawa, mai ciwon sukari ya kiyaye. Ruwa kuwa na gora kawai, ka duba murfin ba a taɓa buɗewa ba. Kada ka karɓi abinci ko abin sha daga wanda ba ka sani ba, komai fara'arsa. Hukumar jirgin da kanta tana gargaɗi a kan masu zuba maganin barci su kwashe kaya. Ka dafa ƙirji ka yi murmushi ka ce ka ƙoshi.

Wani abu kuma da nake roƙon 'yan'uwa: kada ka buɗe kilishi ko dambun nama a cikin tarago. Da yawa daga maƙwabtanka ba sa cin nama ko kaɗan, saniya kuma abar girmamawa ce a wurin mabiya addinin Hindu, jihohi da dama sun haramta yanka ta. Kai baƙo ne mai jinya, ba ka buƙatar rigimar da ba ka san ƙarshenta ba. Dabino da biskit da ayaba sun isa kai ka safiya.

Salla

Kafin ka bar Sakkwato ka zauna da malaminka ka tambayi hukuncin kasaru, da haɗa salloli biyu, da salla a cikin abin hawa mai tafiya, da taimama ga mara lafiya, don kada sai lokaci ya yi ka fara neman fatawa a waya. Abin da zan ƙara na zahiri ne. Mu a gida gabas muke kallo, a Indiya kuwa alƙibla yamma take, jikinka zai riƙa ja ka gabas saboda sabo, ka dogara da manhajar alƙibla. Agogonsu yana gaban namu da sa'a huɗu da rabi, ka tabbata manhajar lokutan salla ta koma garin da kake. Sallar da lokacinta ya shiga kafin tashin jirgi, ka yi ta a masauki ko a tasha, ka shiga da alwalarka.

A kowane ƙarshen tarago akwai banɗaki, na tsuguno da na zama, da wurin wanke hannu a waje. Nan ake alwala, da ruwa kaɗan, ka goge inda ka jiƙa don kada wani ya zame. Na tsugunon ya fi sauƙin tsarki, amma mai rauni ya shiga na zama, ka tsaya masa a bakin ƙofa, jirgi na girgiza. Kada ka shimfiɗa sallaya a kan hanyar wucewa, siririya ce, kuma abin yakan jawo magana. Ka tsaya a tsakanin gadajenku in maƙwabta sun ba ka wuri, ko ka yi a kan gadonka gwargwadon abin da malam ya koya maka. Asuba ta fi sauƙi, kowa na barci, ka tashi a hankali ba tare da kunna babbar fitila ba.

Cikin dare da sauka

Ƙaramar jakarka ta kwana a wajen kanka ta ɓangaren bango, waya kada ta kwana a kan caji a fili. Takalmi mai tsada ka tura shi can ciki bayan akwati. In jirgi ya tsaya cikin dare kada ka sauka sayen wani abu, ba ya jiran kowa. Idan jikin mara lafiya ya rikice, ka tashi mai kula da taragon, yana kwana kusa da ƙofa, ko ka nemo mai duba tikiti, suna iya kiran likita ya tare ku a tasha ta gaba. Lambar neman taimako ta jiragen ƙasa a duk faɗin ƙasar ita ce 139.

A yawancin jirage ba a shelar sunan tasha a cikin tarago. In tashar ƙarshe za ka, babu damuwa. In ta tsakiya ce, misali tashar Katpadi ga mai zuwa asibitin garin Vellore a kudancin Indiya, ka sa ƙararrawar waya rabin sa'a kafin lokaci, ka riƙa bin tafiyar jirgin a manhajar NTES ko Where is my Train, ka kuma gaya wa mai kula da tarago inda za ku sauka. Ka kwance sarƙa, ka kai kaya bakin ƙofa tun da sauran tafiya, ka ƙirga su, ka leƙa ƙarƙashin matashi. Ka bari jirgi ya tsaya cak. Kai za ka fara sauka, ka karɓi hannun Baba, sannan kaya, domin tsakanin matakala da dandamali akwai rata. Direban da asibiti ya turo kuwa, tun daren jiya ka aika masa lambar jirgi da ta tarago, ya jira ku a daidai ƙofar.